Malam Sanyi da Haɗin da Ke Cikin Bango

Kafin ya kurɓi shayin safe, kafin ma ya amsa gaisuwar matarsa da kyau, Malam Sanyi yakan ɗauki abin gwajin wutarsa ya cusa a soket ɗin da ke bayan ƙofar ɗaki. Ya san da wuta a soket ɗin, ai shi ya haɗa shi da hannunsa. Abin gwajin yake gwadawa. Idan 'yar fitilar ta kama sai ya gyaɗa kai ya jefa shi a aljihun gaba, idan kuwa ta yi masa nawa, to ranar ba za ta bi shi aiki ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, matarsa kuma tun tana amarya take yi masa tsiya a kai.

"Wata rana ni ma sai ka gwada ni ka ga ko ina aiki," in ji ta.

"Ke ai tun daga tsakar gida ake jin ƙararki," shi kuma ya ce, yana miƙa hannu ya karɓi kofinsa.

Daga nan sai ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya jera filaya da sukundireba da wuƙar feɗe waya, ya goge kowanne da tsumma duk da cewa jiya ma ya goge su, ya mayar cikin jaka. Ya ɗaure ɗan gajeren tsaninsa a bayan babur. Bakwai da rabi ba ta taɓa yi masa a gida ba, sai fa ranar da zazzaɓi ya kayar da shi.

Sanyi ba sunansa na yanka ba ne. Abokan sana'arsa, masu aikin wayarin, su suka laƙaba masa, domin a duk gidajen da ya ja wa wuta ba a taɓa jin wayarsa ta ɗau zafi ba, balle a ce soket ya narke ko rufi ya kama. In an kira shi da sunan sai ya haɗe rai ya ce, "Ku dai akwai surutu," amma kowa ya san daɗin abin yana ratsa shi har ƙashi. Bai gina gida na biyu ba, bai taɓa mallakar mota ba. Sunan nan shi ne abin da ya tara, kuma burinsa ya ajiye aiki da shi babu tabo.

Masu shaida ba su da wuyar samu. Mai ɗinkin da ke bakin kasuwa har yau tana ba da labarin ranar da fis ɗin shagonta ya riƙa ƙonewa ana tsakiyar aiki, ta roƙe shi ya sa mata waya mai kauri a ciki kamar yadda wasu ke yi, kowa ya huta. Ya dube ta ya ce, "Fis ɗin nan yana mutuwa ne don kada ke ki mutu. So kike in hana shi?" Ta ce ta yi fushi da shi har kwana biyu, shi kuwa ko a jikinsa. Sai da ya bi layin ɗaya bayan ɗaya ya gano dutsen guga ne ya ci wayarsa ta ciki. Mai gidan burodi ya ce shi abin da bai manta ba, Malam Sanyi ya taɓa dawowa bayan wata guda da gama aiki, ba wanda ya kira shi, don kawai ya tuna akwai wata kusa da bai tabbata ya ƙara matse ta ba. Ya buɗe, ya tarar a matse take, ya rufe, ya yi sallama.

Malam, kai ne wanda ake ba makullin gida a tafi kasuwa da kwanciyar hankali. Kai ne mai shara bayan ka gama, har guntayen robar waya kake tsincewa don kada mai rarrafe ya kai baki. Yawancinmu mun kwana mun tashi a ƙarƙashin aikinka shekara da shekaru ba mu tuna da kai ba ko sau ɗaya, kuma mun san kai hakan ka fi so.

Da motoci masu caji suka fara shigowa unguwanni, tsaransa da yawa suka taɓe baki suka ce wannan aikin yaran zamani ne. Shi sai ya sayi tabarau, ya yi rajista a wani kwas na mako shida, ya zauna a layin gaba da furfurarsa yana damun mai koyarwa da tambaya. Ya fito da takardar shaida da kuma jawabi guda ɗaya da yake yi wa duk wanda ya sayo irin motar: butar shayi tana jan wuta minti biyar ta saki, mota kuwa in ta kama sai ta yi awa bakwai tana ja ba ta numfasa ba, saboda haka duk wani rauni da ke ɓoye a wayar gida, mota za ta tono shi.

Aikinsa na ƙarshe irin wannan ne. Ya riga ya shaida wa ƙungiyarsu cewa gwiwa ta gaji da hawa tsani, su kuma sun sa ranar Asabar za su yi taron karrama shi. Ranar Talata aka kira shi wani tsohon gida da shi ya yi wa wayarin tun yana saurayi. Mai gidan, wani tsohon akawu, ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar Hajiya da 'ya'ya biyu. Babbar tana aiki a asibiti, kowa Likita yake ce mata, ita ce ta sayi motar. Sai ƙanenta, Auta, magidanci da gemunsa, amma sunan ya ƙi sakinsa. Mako biyu Likita tana cajin motar a soket ɗin gareji da wayar da aka haɗo ta da ita, tana so a sa mata akwatin caji na gaske.

"Mai gidan nan ya bar wasiyya," in ji Hajiya tun a bakin ƙofa. "Ya ce kada kowa ya taɓa wayar gidan nan sai Sanyi."

"Allah ya jiƙansa. Shi da kansa ai ya taɓa ta ba sau ɗaya ba," in ji Auta yana dariya.

Gaskiya ne marigayin mutum ne mai son gyare-gyare. Rediyo, fanka, agogon bango, ba abin da bai kwance ba, kuma rabinsu ba su sake tashi ba. 'Ya'yansa sun mayar da abin labarin dariya. Hajiya ce kaɗai ba ta taya su, in an fara sai ta tashi ta ba su wuri.

Malam Sanyi ya duba mita, ya duba tsohon akwatin fis, ya zayyana musu aikin dalla-dalla. Kamfanin wuta zai zo ya ƙara ƙarfin layin da ke shigowa gidan. Shi zai ja waya mai kauri daga mita zuwa sabon akwati mai bireka, wato abin da ke katse wuta da kansa in nauyi ya yi yawa. Mota za ta samu layinta ita kaɗai har gareji, sannan a kafa sandar ƙarfe a ƙasa wadda za ta shanye duk wutar da ta kuɓuce. Likita ta ce to a fara yau. Ya ce a'a, gobe da safe zai zo ya zauna tukuna.

Wannan zaman shi ne abin da mutane suka fi yi masa ƙorafi a kai, kuma bai taɓa fasawa ba. Ba ya canza komai a gida sai ya ga yadda gidan ke cin wuta a lokacin da ya fi cunkoso. Laraba da sassafe ya zo, ya ce a kunna duk abin da aka saba kunnawa, a jona mota kamar kullum. Ya bar su awa biyu. Sannan ya tashi ya riƙa bin ɗakuna yana dafa bango da bayan hannunsa, a daidai inda ya san waya ta bi. Falo lafiya, kicin lafiya. Yana shiga ɗan lungun da ke kaiwa gareji sai ya tarar da kyanwar gidan ta manne da bango tana barci.

"Ita kuma tun da aka kawo motar nan ta ƙaurace wa kujerarta," in ji Hajiya daga bayansa. "Kullum nan."

Ya sunkuya ya kai bayan hannu sama da kyanwar kaɗan. Bangon da ɗumi. Ya wuce ya zare wayar motar, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya aika aka kira masa Magini.

Magini abokinsa ne na shekara talatin, tare suka tsufa a gidajen mutane, ɗaya na fasa bango ɗaya na zura waya. Ya zo da guduma da kurfi, ya sassare wurin a hankali. Da siminti ya zube sai ga abin ya bayyana: wayoyi biyu an murɗe su da juna, an naɗe da baƙin tef, an binne a cikin bango haka nan, babu akwati babu murfi. Tef ɗin ya bushe ya yi ƙauri, robar wayar ta fara yin baƙi.

Auta ya leƙo ta kan kafaɗarsu ya yi tsaki mai haɗe da dariya. "Na rantse aikin Baba ne. Shi ya ja layin nan zuwa gareji, tef ɗinsa ma na gane. Kai, Baba! Ya tafi ya bar mana gobara a bango."

"Auta, ya isa," in ji Likita, amma ita ma ba ta musa ba.

Hajiya ta dubi ramin, ta dubi ɗanta, ta ja mayafinta ta koma falo. 'Ya'yan suka bi ta.

Malam Sanyi yana durƙushe bai motsa ba. Tun kafin Auta ya buɗe baki ya gane abin da yake kallo. Duk mai aiki da hannun dama in ya murɗa waya, dama take bi. Wannan murɗin hagu ya bi, kuma ƙarshen tef ɗin an ninke shi ciki yadda mutum ɗaya kawai yake ninkewa. Malam Sanyi bahago ne. Abin ya dawo masa kamar jiya: yana ɗan shekara ashirin da uku, bai daɗe da barin ubangidansa ba, naɗin waya ya ƙare saura kamu ɗaya a kai soket, mai yaɓe yana tsaye da siminti yana bushewa yana yi masa gori. Ya ɗauki guntu ya murɗa, ya naɗe, aka shafe. Soket ɗin bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce rediyon marigayi ba, shi ya sa haɗin ya yi shekara kusan arba'in yana barci.

Magini ma ya gani. Ya matso ya rage murya. "Murɗin nan hagu ya yi."

"Na gani."

"To ka gani, na gani, shi ke nan. Yanke shi ka jefa a jaka, ni kuma in shafe bango. Layin ma ai sabo za ka ja. Marigayi ba abin da zai rage shi, kai kuwa jibi-jibin nan za a tara jama'a a kanka."

Kada mu yi wa Malam Sanyi ƙarya don muna yabonsa: shawarar ta shige shi. Ya yanke haɗin, ya riƙe shi a tafin hannu, har ya buɗe bakin jaka. Kunya ce ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da tsoron yadda abokan sana'a za su dube shi, waɗanda ya sha yi wa faɗa a kan ƙaramin sakaci. Ya daɗe a durƙushe har gwiwar ta fara yi masa magana. Daga falo kuma yana jiyo muryar Auta yana ba da labarin fankar da Baba ya taɓa gyarawa ta koma juyawa da baya, ba ya jin muryar Hajiya ko kaɗan.

Ya rufe jakar, ya dafa bango ya miƙe, ya yi sallama a ƙofar falo.

"Hajiya, ina da magana." Ya ajiye guntun wayar a kan tebur. "Wannan ba aikin mai gidan nan ba ne. Nawa ne. Ni na ja layin gareji, ni na yi haɗin nan, ni na bari aka binne shi. Ku dubi murɗin, na bahago ne. Da motar nan ta ƙara mako ɗaya ko biyu a kai, Allah kaɗai ya san abin da zai faru, kuma da ya faru, hannuna ne. Ku yafe mini."

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin hannunsa. Hajiya ta ɗauki wayar ta juya ta, ta sake juyawa, kamar mai duba zobe.

"Ni na san ba shi ba ne," ta ce a hankali. "Yakan ɓata rediyo, amma bai taɓa fasa bango ba, tsoron wuta yake ji. Sai dai in na faɗa, cewa za su yi Inna tana kare mijinta." Ta share ido da gefen mayafi. "Shekara huɗu ba wanda ya tsaya masa a gidan nan sai yau. Na yafe, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ka yi masa addu'a."

Likita ta raka Malam Sanyi har lungun. "Baba, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Magini. Shi kuma bakinsa ba ya riƙe ko sunan jikarsa."

"Ji sharri," in ji Magini daga inda yake kwaɓa siminti.

Ta yi dariya, shi bai yi ba. "'Yata, ba gidan nan kaɗai na yi wa aiki a shekarar ba," ya ce. "Kuma ba sau ɗaya waya ta ƙare mini ba."

Kwana biyu suka yi a kan aikin. Kamfani ya zo ya yi nasa, shi ya ja sabuwar waya cikin bututu, kowane haɗi a akwatinsa da murfin da za a iya buɗewa, ya kafa sandar ƙasa a bayan gareji, ya rubuta sunan kowane ɗaki a ƙarƙashin birekarsa da manyan baƙaƙe don idon Hajiya. Juma'a da yamma aka jona mota. Ya zauna a kujera awa uku yana tashi yana dafa bango, har Hajiya ta ce in dai ba so yake a shimfiɗa masa katifa ba, ya tafi gida matarsa na jira.

Ranar Asabar aka cika zauren ƙungiya. Aka yi ta jawabi, kowa na maimaita cewa ga mutumin da wayarsa ba ta taɓa zafi ba. Da aka miƙa masa lasifika sai ya zaro guntun wayar nan daga aljihu ya ɗaga sama, ya ba da labarin tun daga farko bai rage komai ba. Wasu suka yi ta gyara zama. Wani tsoho a layin baya, wanda su biyun ba sa ga maciji tun wata gardama da suka yi a kan kaurin waya, ya miƙe ya ce shi ma akwai wani gida da ya kamata ya koma ya duba. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba kafin a tashi.

Hutun da matarsa ta yi ta tanadi bai samu ba har yanzu. Ya zauna ya tuno gidajen da ya yi wa wayarin a waccan shekara, kafin tsohon ubangidansa ya kama shi yana irin wannan haɗi ya ci masa mutunci ya daina. Gida tara ya tuno. Ɗaya an rushe shi tuni. Sauran ya riƙa binsu da babur, Magini a baya yana mita, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa, "Ni ne na yi muku wayarin tun kafin a haife ku, kuma ina zargin na bar kuskure a bangonku." A gida uku ba su sami komai ba. A uku sun sami haɗin lafiya lau, suka cire. A na bakwai suka ja wata durowa a ɗakin da 'yan biyu ke kwana, suka fasa, suka tarar tef ɗin ya zama gawayi. Uwar yaran ta zauna a bakin gado ta rungume su. Malam Sanyi ya ce a ranar ne ya fara cin abinci da daɗi tun Larabar nan.

Malam, mun gode. Mun gode da shekara arba'in da ɗaya na aiki mai tsafta, mun kuma fi gode maka da safiyar da ka shiga falo da guntun waya a hannu alhali ba wanda ya tilasta ka. Kai ne ka wanke mamaci da bakinka a lokacin da shirunka zai fi yi maka sauƙi. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba matarka haƙurin ƙarasa jiranka.

Mu kuma da muke karanta wannan, kowa da sana'arsa, kowa kuma ya san inda ya taɓa murɗa wani abu da gaggawa ya shafe da siminti. Mai ɗinki ya sani, malamin makaranta ya sani, mai rubutu ma ya sani. Tun da sauran ƙarfi a jiki, a koma a fasa a gyara, a kuma faɗa da baki cewa nawa ne.

Saura gida ɗaya. Mai gidan baƙo ne, bai san Malam Sanyi ba, ya ce shi ba zai bari wani tsoho ya fasa masa bangon da ya yi wa fenti bara ba. Sau huɗu yana sallamarsa daga bakin ƙofa, kuma kwanan nan aka ga sabuwar mota mai caji a garejinsa. Idan kai ne mai gidan, ko ka san shi, to ranar Litinin da safe tsohon zai sake zuwa, da tsaninsa da abokinsa mai mita. Don Allah a buɗe masa.